Zoɓo: furen da ya tafi ya bar sunansa a gida

In aka ce cin fure, wasunmu sai su tuna da hotunan abincin Turawa a salula. Alhali babu gidan da ba a taɓa dafa zoɓo ba, daga Tawa har Damagaram. Gaskiya dai ba furen kansa ake ci ba. Furen yakuwa fari ne mai ɗan rawaya, da ja a tsakiya, kuma yini guda yake yi ya bushe. Kwanson da ke riƙe da shi ne ke kumbura bayan ya faɗi, shi mata ke ɓarewa da kaka su shanya.

Ni abin da ya ja hankalina sunaye ne. Tsiro guda, amma Bahaushe ya raba shi gunduwa-gunduwa. Ganyen yakuwa ne, wasu su ce sure. Kwanson zoɓorodo ne ko soɓorodo, wanda baki ya taƙaita zuwa zoɓo. Ƙwayar gurguzu ce, in an dafa ta an rufe ta ruɓa sai ta zama daudawar batso. Dalziel, wani likita ɗan Birtaniya, ya tattara irin sunayen nan cikin littafinsa na tsirran ƙasar Hausa tun 1916. A karatunmu an ce harshe ba ya ɓata kalma a kan abin da bai dame shi ba. Mutanen da suka ba ganye suna, suka ba ƙwaya suna daban, sun daɗe suna ci, kuma a tukunyar miya suka san shi. Farin zoɓo ma har yau miya ake yi da shi. Wanga jan ruwa mai sukari da ƙanƙara cikin leda, ɗan bayan firiji ne.

Maƙwabta kowa da nasa: Zabarmawa gisima, Fulani follere, Larabawan Sudan da Masar karkade. Bisap da muke ji a Yamai kalmar Wolof ce, faransanci ya ɗauko mana ita daga Senegal. Abin dariya, ɗalibi ya bar zoɓo a Maraɗi, ya zo jami'a ya koma shan bisap, shi a ganinsa ya waye.

Tsiron ya ƙetare teku a zamanin cinikin bayi. Hans Sloane, wanda ya zauna a Jamaika daga 1687 zuwa 1689, ya tarar ana shuka shi a can, kuma jikokin bayin nan har gobe da shi suke bikin Kirsimeti. A 1753 Linnaeus ya raɗa masa sunan kimiyya, Hibiscus sabdariffa. Da ya isa Meziko sai aka kira shi hamaika, wato Jamaika a bakin Sifaniyanci. Sun riƙe sunan zangon da ya yada, na ƙasar da ya baro kuwa bai kai can ba.

To, yau ma kusan hakan ake. Meziko ce babbar mai sayen zoɓon da Najeriya ke fitarwa, kuma Maigatari, kan iyaka kudu da Damagaram, tana cikin manyan kasuwanninsa. Buhun da ya fito daga ƙauyukanmu in ya tsallaka can ya shiga sito, ya gangara Legas, ya hau jirgin ruwa da takardar wata ƙasa. Matar da ta shuka shi a gefen gonar gero, ta ɓare shi da hannu har ƙaiƙayi ya cinye mata yatsu, da tiya ta sayar, a farashin kaka, lokacin da kowa ke neman kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne gurguzu. Ja yana da kasuwa, ba zai ɓace ba. Batso kuwa Maggi ta kore shi daga tukwane da yawa na birni, ƴan mata na cewa wari gare shi. Na tambayi abokan ajinmu ma'anar gurguzu, sai suka ce ai kwaminisanci ne, mulkin gurguzu da suke ji a rediyo. Ɗaya ce kawai, ƴar wajen Tasawa, ta ce kakarta na daka shi.