Hular Kwanon Ma'aikata: Haɗarin Liƙa Mata Kayan Da Ba Nata Ba

Hular kwano da ake sanya wa ma'aikatan gini, masana'antu da ma'adinai ta ƙunshi sassa biyu ne: ƙoƙon waje mai tauri, wanda galibi ake yi da roba irin HDPE ko ABS, da ragar igiyoyi ta ciki da ke zaunar da ita a kai. Tsakanin ƙoƙon da kan mutum akwai tazara ta kusan santimita 3. Idan abu ya faɗo, ragar ce ke miƙewa cikin wannan tazara ta shanye ƙarfin bugun.

Yadda ake gwada ta

A ƙarƙashin ma'aunin Turai na EN 397, ana sako ƙarfe mai nauyin kilo 5 daga tsayin mita 1 a kan hular, kuma ƙarfin da zai ratsa zuwa kai bai kamata ya wuce niyuton 5,000 ba. A Amurka kuwa, ma'aunin ANSI/ISEA Z89.1 ya kasa hulunan ta fuskar lantarki gida uku: rukunin G da ake gwadawa da volt 2,200, rukunin E da volt 20,000, sai rukunin C da ba ya kare mutum daga lantarki ko kaɗan. Shaidar ingancin da hula ta samu ta shafi siffar da aka gwada ta ce kawai. Da zarar an sauya wannan siffa, babu sauran tabbacin za ta yi aikinta.

Inda haɗarin yake

Huda ƙoƙon domin ɗaura tocila ko kyamara yana raunana shi, ya kuma buɗe wa lantarki hanya. Haka ma maƙalin ƙarfe na gilashin kare fuska zai iya rushe kariyar hular rukunin E.

Marufin kunne da ake maƙalawa a gefen hula yana aiki ne idan ya matse kunne yadda ya kamata. Shi ya sa ma'aunin EN 352-3 ke gwada shi tare da takamaiman hular da za a haɗa shi da ita. Shigar maƙalinsa cikin ramin wata hula ba hujja ba ce ta cewa zai toshe ƙara.

Igiyar haɓa ma iri-iri ce. A bugun EN 397 na 2012 an tsara maɗaurinta ya saki tsakanin niyuton 150 zuwa 250, don kada ta shaƙe ma'aikaci idan hular ta maƙale a wani abu. A EN 12492 na masu hawan duwatsu kuwa, ana so ta riƙe har niyuton 500, don kada hular ta fita yayin faɗuwa. Musanya ɗaya da ɗaya na iya zama sanadin ajali.

Fenti da wasu nau'o'in gam suna cin roba, sitika kuma kan ɓoye tsagewa daga idon mai dubawa. Hana-salla ko wata hula mai kauri da aka sa a ƙarƙashi tana hana ragar zama daidai, kamar yadda safar hannu ko sigari da aka cusa a ciki ke cinye tazarar.

Abin da doka ta tanada

Dokar kayan kariya a wurin aiki ta Birtaniya ta 1992 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya tabbatar cewa kayan kariyar da ake sawa tare sun dace da juna, kuma kowanne na ci gaba da aikinsa. Hanyar tabbatar da hakan ita ce takardar umarnin kamfanin da ya ƙera hular: abin da ya lissafa shi ake ɗaurawa, hular da aka riga aka huda kuwa sai a janye ta daga aiki.