Rundunar Kambisis da Ta Ɓace a Sahara

Rundunar Kambisis ita ce sojojin Farisa da ake cewa rairayi ya binne su a hamadar yammacin Masar. Kambisis na Biyu, ɗan Sarki Sairus, ya ci Masar da yaƙi a shekara ta 525 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga birnin Tibis, inda Luksor take a yau, ya tura mayaƙa 50,000 su je dausayin Siwa, su kame mutanensa bayi, su ƙone ɗakin tsafin gunki Amun.

Tushen labarin mutum ɗaya ne, Herodotus na ƙasar Girka, wanda ya rubuta shi shekaru da dama bayan faruwar abin. Ya ce bayan tafiyar kwana 7 rundunar ta isa wani dausayi, wanda masana ke kyautata zaton Kharga ne. Daga nan sai aka ji su shiru. Mutanen Siwa suka ce sojojin suna tsakiyar hanya, sun zauna cin abinci, iska mai ƙarfi ta taso daga kudu ta tula musu rairayi.

An sha nema. Almasy, ɗan ƙasar Hungari, ya yi ta yawon bin sawunsu a shekarun 1930. A 2009 wasu ƴan'uwa biyu ƴan Italiya, Angelo da Alfredo Castiglioni, suka ce sun gano ƙasusuwa da makamai, hukumar kayan tarihi ta Masar kuwa ta yi watsi da maganar. A 2014 Olaf Kaper na Jami'ar Leiden ya kawo bayani mai kama hankali. Ya karanta sunan Petubastis, Bamisiren da ya yi wa Farisa tawaye, a jikin duwatsun wani ɗakin bauta a dausayin Dakhla. A ganinsa kwanton ɓauna Petubastis ya yi wa rundunar, Sarki Dariyus na Farisa kuma ya rufe abin kunyar da labarin guguwa.

Mutumin Difa a Nijar yana da dalilin karkata ga wannan ra'ayi. Tsohuwar hanyar Borno zuwa Fezzan, wadda ta bi ta Ngigmi da Agadem da Bilma, ta ci rayuka ba adadi, amma ba ta ɓoye su ba. Denham da Clapperton, Turawan Birtaniya da suka biyo ta suka ƙetare Komadugu a farkon 1823, sun ba da labarin ƙasusuwan bayi zube a bakin rijiyoyi, har dabbobin ayari na tattaka su. Ƙishirwa ce ta kashe bayin da yunwa da gajiya. Tudun rairayi irin na hamadar Tal da ke yankin Difa yana tafiya ne a hankali, abin da ya rufe bana yakan tone shi wata shekara.

Ga kuma lissafin ruwa. Ko lita 5 aka ba kowane soja, ana bukatar lita 250,000 kullum, ban da dabbobin da ke ɗauke da salkunan. Har yanzu ba a samu kan mashi ko ɗaya da masana suka yi ittifaƙin cewa na wannan runduna ne ba.