Tarihin Karatun Gida a Ƙasar Gobir

Karatun yara a gida ya daɗe a gabashin ƙasar Gobir, wato yankin Sabon Birni da Isa da garuruwan da ke kewaye da su irin su Burkusuma da Gatawa da Unguwar Lalle, tun kafin a san ginin makaranta mai aji da ƙararrawa. Kayan karatun sun sha sauyawa: daga allo zuwa waƙa, daga waƙa zuwa takardar ɗab'i, sai rediyo, sai wayar hannu. A kowane zamani darasin da kansa bai cika tsada ba. Abin da ke wuya shi ne samun wanda zai ɗauko shi, ya kawo shi ƙofar ɗaki, ya kuma zauna da yaro har ya iya.

Matakin farko, wanda ba a ba shi sunan karatu, yana hannun iyaye mata da kakanni. Tatsuniyar dare da kacici-kacici da karin magana da waƙoƙin daɓe da na niƙa su ne ke koya wa yaro harshe da ƙirge da sanin ya kamata. Idan ya fara wayo sai a miƙa shi ga malamin unguwa, wanda galibi zauren gidansa ko gindin wata bishiya ne makarantar. Kayan aikin duk na gida ne: allo na itace, alƙalami na kara, tawada daga gawayi da ƙaro. Yaro yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, sannan ya shiga haɗa baƙi, malam yana biya masa, yana wanke allo idan ya kiyaye. Ana hutun Alhamis da Juma'a. Babu kuɗin makaranta da aka yanke, amma kyautar ba ta rasa ɗawainiya. Akwai kuɗin Laraba, akwai damin hatsi da kaka, akwai itacen da ɗalibai ke ɗebowa don hura wutar karatun dare, akwai kuma sadakar sauka. Gari ne ke ɗauke da malam, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Wanda ya sauke, idan yana da niyya, sai ya koma karatun zaure, inda ake bin littattafan fiƙihu daki-daki: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala.

A ƙarni na 18 ƙasar Gobir cike take da gidajen malamai masu irin wannan tsari. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754 ya kuma tashi a Ɗagel, wurin mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani, kuma da yawa cikin malamansa na farko danginsa ne na jini, kafin ya kai ga Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ƙanen Shehu, Abdullahi, ya jera malaman da suka karantar da su a littafinsa Ida'un Nusukh, wanda duk mai duba shi zai ga yadda ilimi ke tafiya ta hanyar baffanni da kawunnai. Fadar Alƙalawa, wadda kufanta ke nan kusa da Sabon Birni, ta san nauyin waɗannan malamai. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara su a Magami da babbar Salla, kuma cikin abubuwan da Shehu ya nema a wurin har da a bar shi ya yi wa'azi, kada kuma a hana kowa zuwa saurare. Sarkin Gobir Nafata ya zo ya taƙaita wannan dama. Rikicin da ya biyo baya ya kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804 da faɗuwar Alƙalawa a 1808.

Abin da ya fi shafar karatun gida cikin koyarwar Shehu shi ne matsayinsa kan mata. A littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da ke tara ɗalibai a zaure, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san ko hukuncin alwala ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ce ta mayar da wannan magana tsari mai ƙafafu.

Yaƙe-yaƙen jihadi sun bar ƙauyuka cike da mata da aka raba da garuruwansu, da yawansu Gobirawa, waɗanda ba su jin Larabci ko Fulatanci, ba su kuma da halin barin gida su je neman ilimi. Asma'u ta kafa abin da aka sani da 'Yan Taru. Daga kowane gari akan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, a kira ta jaji. Ita ce ke jagorantar tawagar tsofaffin mata da 'yan matan da ba su kai aure ba, su taka har Sakkwato ko Wurno, ɗauke da ɗan abin sadaka kamar hatsi da zuma da man shanu. Can za su zauna a karantar da su, su koma su bi gida-gida suna koya wa matan aure abin da suka samo. Littafin karatun waƙa ce, domin waƙa ba ta jiƙewa a gulbi, ba ta kuma buƙatar wanda ya iya baƙi. Asma'u ta tsara waƙoƙi kan tauhidi da salla da tarihin Annabi da kyawawan halaye, har da wata gajeriya da ta tattara sunayen surorin Alƙur'ani 114 don sauƙin hadda. Ƙanenta Isa ya mayar da da yawa daga cikin na Fulatanci zuwa Hausa.

A nan ne Gobir ta ba da nata. Kafin jihadi, babbar mace a masarautar ita ce Inna, 'yar gidan sarauta mai shugabancin mata da harkar bori, kuma malfa na cikin alamun girmanta. Asma'u ta ɗauki malfar nan, ta haɗa da jan rawani, ta riƙa naɗa wa kowace jaji. Masana irin su Jean Boyd, wadda ta daɗe a Sakkwato tana bibiyar wannan tarihi, sun nuna hikimar abin: matar ƙauye da ta ga malfa ta san mai ita shugaba ce tun ba a yi mata bayani ba. Bayan rasuwar Asma'u ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, kuma ya wuce zamanin daular Sakkwato ya shiga na Turawa. 

Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga baya kuma wani ɓangare ƙarƙashin Ɗan Halima ya dawo ya kafa Sabon Birni. Da Ingila ta ci Sakkwato a 1903, aka kuma shata iyaka da Faransa a shekarun da suka biyo, sai dangi ɗaya ya rabu gida biyu: Tsibiri a hannun Faransawa, Sabon Birni da Isa a hannun Ingilishi. Ɗan wa ya shiga boko da Turanci, ɗan ƙane ya shiga lakwal da Faransanci. Amma masu shiga ɗin kaɗan ne ƙwarai. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawar Kano a 1909 da Kwalejin Katsina ta farkon shekarun 1920 sun yi wa talakan bakin gulbin Rima nisa, kuma iyaye da yawa ba su yarda da su ba. Allo da ajami ne suka ci gaba da haɗa ɓangarorin biyu, almajirai da 'yan ci-rani suna ƙetare iyakar ba tare da sun san da ita ba.

Boko ya fara leƙa zaure ne ta hanyar manya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, kwafi guda kuma yakan zaga majalisa, mai iyawa ɗaya yana karanta wa goma. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, inda Malam Ahmadu Coomassie ya yi fice, hukumar NORLA da ke Zariya kuma ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna. Ta lardin Sakkwato ita ce Zaruma. Ajin na magidanta ne, amma littafin gida yake kwana, kuma yara da dama a hannun uba ko wa suka fara ganin a, ba, ca.

Rediyo ya zo da abin da takarda ba ta da shi, wato isa ga wanda bai iya karatu ba. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, kuma ƙaramin akwati mai batir ya shiga gona da ruga da ɗakin amarya. Mutanen kan iyaka suna kama tashoshin ƙasashen biyu. A Nijar, tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo, inda mutanen gari ke taruwa da jagora, a saurari shiri, a tattauna, a aika da ra'ayi. A Nijeriya, Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989 ta yi amfani da shirin Don Makiyaya a Ruga a Rediyon Kaduna. Duk da haka, abin da rediyo ya fi karantarwa a gidaje shi ne labarin duniya da tafsirin azumi. Yana iya cika kunnen yaro da sani, amma ba ya duba allonsa ya ce nan ka yi kure.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai azuzuwa ƙauyukan da ba su taɓa gani ba, sannan a 1999 aka ƙaddamar da na ilimin bai-ɗaya a birnin Sakkwato. Gine-gine sun yawaita fiye da malamai. Yawancin iyaye sai suka raba ranar: boko da safe idan malam ya zo, allo da asuba da dare, Islamiyya da yamma, damina kuma ta gona ce.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ta ɗauki shekaru kafin ta kai waɗannan garuruwa. Da ta kai, hanyar da ilimi ya fi bi ba intanet ba ce. Katin ajiya ne, wanda ake kai wa masu shagon caji da tura waƙa a kasuwa, su zuba karatun Alƙur'ani da wa'azi da fina-finai a kan kuɗi kaɗan, sai a riƙa tura wa juna daga waya zuwa waya. Kaset ya yi wannan aikin kafin nan. A daidai wannan lokaci kayan karatun yara na kyauta suka fara taruwa a intanet da Hausa. African Storybook daga Afirka ta Kudu da StoryWeaver daga Indiya suna da ƙananan littattafan labari masu hoto da kowa ke iya saukewa ko bugawa. A jihohin Sakkwato da Bauchi an samar da littattafan Mu Karanta don 'yan aji ɗaya zuwa uku, da tallafin Amurka.

Annobar korona ta gwada duk wannan. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, jihohin Arewa rediyo da talabijin suka koma don ba da darussa, saboda sun san inda intanet ya tsaya. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, rumbun darussa na kyauta bisa manhajar ƙasa, da Turanci da manyan harsunan gida, har da Hausa.

Sai dai a Sabon Birni da Isa ba annoba ce ta fi rufe makarantu ba. Hare-haren 'yan bindiga sun tsananta tun wajen 2019, dubban mutane suka tsallaka jihar Maraɗi, wasu suka taru a manyan garuruwa. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, cikinsu har da Garki da Ɗan Aduwa. A watan Satumba na 2021 aka kai hari sansanin jami'an tsaro na Burkusuma, a watan ne kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, har da waɗannan biyun. Wato a lokacin da yaro ya fi buƙatar karatu daga nesa, lokacin ne hanyar ta yanke. Wasu na kusa da iyaka sun koma ga layukan Nijar, amma don jin lafiyar dangi, ba don darasi ba.

Ko da layi yana aiki, kyautar intanet tana da nata kuɗin Laraba: babbar waya, kuɗin data, da caji a garin da babu lantarki sai farantin hasken rana ko janareton mai shago. Wayar kuma galibi a aljihun maigida take, tana kasuwa ko gona lokacin da yara ke gida da uwarsu. Akwai kuma bambancin abin da ke ciki. Littattafan da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, wadda ta fi kusa da Kananci, yaron da ya tashi da Gobiranci sai an ɗan yi masa jagora. Manhajojin Alƙur'ani da suka fi yawa a waya na ruwayar Hafsu ne da rubutun gabas, alhali allon tsangaya na Warshu ne da rubutun Magariba. Inda aka ga waɗannan kaya sun yi amfani, akan tarar da wani a tsakani: malamin firamare da gudun hijira ya kawo gari, ko ɗalibar sakandare da ke tara ƙannenta da yamma, ko malamar Islamiyyar matan aure da ta sauke darasi a wayarta lokacin da ta je Sakkwato, ta dawo tana kunna wa yaran unguwa ba tare da layi ba.