Daga Rabah Zuwa Majalisar Kaduna: Waiwaye Kan Wakilcin Sardauna

Waɗanda muka yi aji ɗaya za su tuna ranar da malaminmu na tarihi ya kai mu Wurno ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837. A kan hanyar dawowa ya tambaye mu aikin da Sardauna ya yi kafin ya zama Firimiya. Duk motar ta yi tsit. Yau, bayan shekaru ina aikin gwamnati, nake so in ba shi amsa.

An haifi Ahmadu Bello a Rabah wajen 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin Rabah, ɗa ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, wanda shi kuma ɗan Muhammadu Bello ne. Ahmadu yana ƙaramin yaro mahaifin ya rasu. Ya yi makarantar lardi a Sakkwato, sannan ya shiga Kwalejin Katsina a 1926, ya fito a 1931, ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato shekara uku.

A 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. A nan ne, a ganina, ya yi karatun da ya fi na Katsina. Hakimi a wancan zamani shi ne mai ƙidayar mutane da shanu, shi ne mai tara haraji da jangali, kuma dole ya yi rangadi ƙauye-ƙauye ya ga rijiya da gona da hanya da idonsa. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, Allah ya ba Abubakar na Uku. Aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabas. Can ma bai sha da daɗi ba, domin a 1943 an zarge shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarki ta same shi da laifi, sai da ya ɗaukaka ƙara a Zariya aka wanke shi. A 1948 ya tafi Ingila ya ƙaro ilimin mulkin ƙananan hukumomi.

Sai a 1949, bayan rasuwar Waziri Abbas, aka zaɓe shi ya maye gurbinsa a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna. Ku lura, jama'a, ya shiga majalisa ne bayan shekara 18 yana aiki cikin mutane. Saboda haka in ana maganar haraji ko kotun alƙali ko kuɗin baitulmali, ba labari aka ba shi ba. Ya halarci babban taron tsarin mulki na Ibadan a 1950, ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya aka haɗa masa da ƙananan hukumomi, a 1954 kuma ya zama Firimiya a ƙarƙashin jam'iyyar NPC. Kujerar da ya riƙe ke nan har daren 15 ga Janairu 1966 da sojoji suka kashe shi a Kaduna. Allah ya jiƙansa.

Ba na cewa bai da laifi. Zaɓen da ya kai shi majalisa ba irin namu ba ne, na 'yan majalisar sarki da manyan En'e ne, kuma 'yan NEPU sun yi ta kukan matsin da suka sha a hannun En'e a zamaninsa. Sarauta ta buɗe masa ƙofa, wannan gaskiya ne. Amma sanin ƙasa da mutanenta shi ya zaunar da shi bayan ya shiga.

To, yau ga mu da tamu majalisa. An ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976, majalisar dokokinta ta fara zama a 1979, kuma kowa da ƙuri'arsa. Yankinmu bai rasa rabo ba, domin a 2019 wakilin Wurno, Aminu Manya Achida, ya zama Shugaban Majalisar. Amma buƙatunmu suna nan jibge. Manoman albasa da tafarnuwa da shinkafa na fadamar Rima sun dogara da madatsar Goronyo, ba su kuma manta da ambaliyar 2010 ba. Harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo a Oktoba 2021 har yau yana ci mana rai. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wanda bai taɓa kwana a ƙauyukan nan ba, me zai faɗa in ya miƙe a zauren majalisa?

Na san a cikinmu akwai masu niyyar tsayawa takara, kuma ina yi musu fatan alheri. Roƙona ga ƙungiyarmu shi ne, duk wanda ya zo neman goyon bayanmu, ko da abokin zamanmu ne a benci ɗaya, mu tambaye shi aikin da ya yi wa jama'a kafin yau, da ƙauyukan da ya taka da ƙafarsa. In ya amsa, mu mara masa baya. In ya yi tsit kamar yadda muka yi a motar Wurno, sai mu ce ya koma ya yi rangadi tukuna.

Malam, ga amsarka, ko da ta makara.