Haƙƙin Kare Dukiya da Iyakarsa a Dokar Laifuka ta Jihar Kano: Nazari daga Ƙasar Fammar

Tsakure

Maƙalar ta dubi matsayin manomin da ya kama ɓarawo a gonarsa ko a rumbunsa, ta auna shi da dokoki biyun da ke aiki a Jihar Kano: Final Kod da Dokar Laifuka ta Shari'a ta 2000.

Fammar, a ƙaramar hukumar Kibiya, ƙasar noma ce kamar sauran masarautar Rano. Da kaka, arzikin magidanci na shekara guda yana zube a fili, dami kan dami. Shi ya sa tambayar da ta fi damun mutane ita ce: in na ritsa ɓarawo, ina zan tsaya?

Final Kod, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, ya samo asali daga dokar Sudan ta 1899, bisa shawarar kwamitin masana na 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Sashe na 60 ya halatta wa mutum kare ransa da dukiyarsa. Amma sashe na 62 ya hana wuce gwargwadon buƙata, na 63 kuma ya janye haƙƙin muddin akwai damar kiran hukuma. Kisa don kare dukiya sai a wurare ƙalilan da sashe na 66 ya lissafa, irin su fashi da fasa gida da dare. Wanda ya bi ɓarawon da ya yar da dami yana gudu, ya sare shi, ya fita daga wannan inuwa.

Saura hujjar tunzurawa, kuma a nan hanyoyin biyu suka rabu. Sashe na 222 na Final Kod yana sauko da kisan da aka yi cikin tunzurawa mai tsanani, ta farat ɗaya, daga hukuncin kisa zuwa ɗauri. A ɓangaren Shari'a kuwa, mashhurin Malikiyya ganganci da kuskure kawai ya sani. Fushi ba ya kawar da kisasi, sai dai magada su yafe ko su karɓi diyya. Irin wannan saɓani ne ya fito fili, tun kafin Final Kod, a shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu a 1947, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa.

Shi kansa ɓarawon, fiƙihu bai sallama jininsa ba. Haddi ba ya hawa kansa sai abin ya kai nisabi, rubu'in dinari, kuma an ɗauke shi daga ma'ajiya. Geron da ke tsaye a kara bai shiga ma'ajiya ba tukuna, hukuncinsa ta'aziri ne. Wanda ke cikin rumbu ya shiga. Wannan bambanci, a ganina, ya kamata ya zama darasin farko ga 'yan sintiri da masu unguwanni, domin su ake fara kira kafin labari ya kai ofishin 'yan sanda na Kibiya.