Magungunan Hana Daskarewar Jini

Magungunan hana daskarewar jini su ne waɗanda ake bai wa majinyaci don kada gudan jini ya toshe jijiya a ƙafa, huhu ko ƙwaƙwalwa, inda yakan jawo shanyewar ɓarin jiki. Ba sa narkar da gudan da ya riga ya samu. Hana shi girma suke yi.

Heparin, wanda aka gano a 1916 a Amurka, allura ce. Yana ƙarfafa sinadarin antithrombin na cikin jini, aikinsa nan take ne, kuma ba ya ratsa mabiyiya, shi ya sa ake zaɓarsa ga mai juna biyu.

Warfarin ƙwaya ce. Da maganin ɓera ya fara a 1948, aka amince mutane su sha a 1954. Yana hana hanta cin moriyar bitamin K wajen haɗa sinadaran daskarewa, sai bayan kwanaki yake kamawa. Alayyahu da zogale suna da wannan bitamin, don haka ana so cinsu ya daidaita, ba a daina ba. Rifampicin, maganin tarin fuka, yana rage wa warfarin ƙarfi. Dole a riƙa gwajin daskarewar jini na INR, galibi ya tsaya tsakanin 2 da 3, kuma zirga-zirgar zuwa gwajin nauyi ce ga mutumin ƙauyen Tsafe ko Bungudu da ake duba shi a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau.

Rivaroxaban da apixaban suna toshe sinadarin daskarewa na Xa kai tsaye, dabigatran kuma thrombin. Ba sa buƙatar INR, amma sun fi tsada, kuma ba su dace da mai bawul ɗin zuciya na ƙarfe ba. Haɗarin dukkansu zubar jini ne.