Marubuci da Masu Karatunsa: Tarihin Shafin Godiya a Littattafan Hikaya na Kano

Duk wanda ya saba duba littattafan hikaya da aka buga a Kano tun daga wajen 1985 ya san akwai wani shafi da ba a cika rasa shi ba a farkon littafi, watau shafin godiya. Marubuci yakan fara da gode wa Allah, sa'an nan iyaye da malamai, daga nan ya jero sunayen abokan sana'a da masu kantunan littattafai, ya rufe da masu karatu, musamman waɗanda suka aiko masa da wasiƙa. Galibin manazarta sukan tsallake wannan shafi su faɗa cikin labari. Amma fa ga mai bin tarihi shafin nan shaida ne, domin yana nuna wanda ke ciyar da marubuci a kowane zamani.

A farkon al'amari ba mai karatu ne ke riƙe da marubuci ba, hukuma ce. Cikin 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta sa gasar ƙaga labari, aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, Ganɗoki na Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Hukuma ta zaɓa, ta gyara, ta buga, ta rarraba wa makarantu. Abin lura kuwa shi ne, cikin waɗannan malamai Imam kaɗai ya mai da rubutu sana'a, shi ma don an ɗauko shi zuwa Zariya ne ya rubuta Magana Jari Ce, daga baya aka ba shi aikin editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Sauran kowa ya koma ga aikinsa na koyarwa ko na mulki. Haka abin ya ci gaba a zamanin NORLA cikin shekarun 1950, har zuwa kamfanin NNPC da aka kafa a 1966. Mai karatu a wannan zamani ɗalibi ne, an ɗora masa littafi don jarrabawa, ba shi ya zaɓa ba.

Abubuwa biyu suka haɗu suka juya wannan tsari. Na farko, shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, da kuma Hukumar Yaƙi da Jahilci da gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa a Jihar Kano a 1980, sun yawaita masu iya karatun boko, har da matan aure a cikin gidajensu. Na biyu, tattalin arzikin ƙasa ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka janye hannu daga hikayar Hausa. Ga masu karatu an samu, ga shi kuwa babu mai buga musu abin karantawa. Sai samari da mata suka shiga rubutawa, suna biyan maɗaba'a da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa.

Babu misalin da ya fi na Malam Ado Ahmad Gidan Dabino fito da wannan sauyi fili. An haife shi a 1964 a Ɗanbagina ta ƙasar Dawakin Kudu, cikin yankin nan na kudancin Kano da ya miƙa har Rano da Kibiya, ya tashi a cikin birni. Karatun allo ya fara yi. Boko kuwa sai da ya girma ya same shi a makarantar manya ta yamma, watau shi da kansa ɗaya ne daga cikin sababbin masu karatun da aka ambata. Ya san abin da suke so domin a cikinsu ya fito. Littafinsa In Da So Da Ƙauna ya fito a 1991, labarin Sumayya 'yar masu hali da Muhammad ɗan talaka, da yadda aka nemi raba su saboda dukiya. Littafin ya karɓu ƙwarai, aka juya shi zuwa Turanci, aka kuma mai da shi fim. Wasiƙu suka riƙa zuwar masa daga samari da 'yan mata, waɗansu na yabo, waɗansu na neman shawara a kan auren dole da ya same su. Brian Larkin, wani manazarci daga Amurka, ya yi magana a kan wannan littafi da masu karatunsa cikin wata maƙala da ya buga a 1997.

To, a nan ne godiya ta tashi daga ladabi kurum ta zama lissafi. Marubucin da ya buga kashi na ɗaya da kuɗinsa ba shi da halin buga na biyu sai na ɗaya ya ƙare a kasuwa. Wannan ne dalilin da ya sa ake yanka labari kashi-kashi, a tsaya daidai inda zuciya ta rataya. Mai karatu ya zama shi ne mai jari, shi ne kuma alƙali. Ƙungiyar Raina Kama, wadda Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Malam Ɗan'azumi Baba suka kasance cikin jagororinta, ta ƙara ƙarfafa wannan zumunci, domin littattafan 'ya'yanta sukan ɗauki jerin sunayen littattafan juna, ta yadda wanda ya sayi ɗaya zai nemi saura.

Ba a bar su sun sha ruwan sanyi ba. Malaman jami'a suka raba gari a kansu: Ibrahim Malumfashi ya kira abin adabin kasuwar Kano, yana ganin ba zai daɗe ba, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuwa suka tsaya musu, aka yi ta muhawara a jaridu cikin shekarun 1990. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, har ƙona waɗansu littattafai aka yi a bainar jama'a bisa zargin ɓata tarbiyya. Gaskiya ne da yawa daga cikin littattafan nan an rubuta su da gaggawa, ƙa'idar rubutu ba ta ishe su ba, labarin wani kuma kwaikwayon na wani ne. Sai dai kalmar kasuwa da aka yi nufin reni da ita ta faɗi gaskiyar da ta fi reni girma: talaka ne ya cire kuɗinsa ya sayi labari ba don jarrabawa ba.

Hukuma ta zo daga baya. Littafin Hajiya Balaraba, Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, an buga fassararsa ta Turanci a ƙasar Indiya a 2012. Shi kuwa Gidan Dabino gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON a 2014, shekara 23 bayan fitowar In Da So Da Ƙauna, lokacin da waɗanda suka fara karanta shi suna 'yan makaranta sun riga sun zama iyaye.